Dokin Kaligula da Masu Tunzura Manoma

Wani ɗalibin shari'a daga Zariya ya rubuto: "Malam, an ce mana kalmar da dokar Turawa ke kiran laifin tunzura jama'a da ita daga Latin ta fito, wato incitare. Mene ne asalinta, kuma wace kalmarmu ce daidai da ita?"

Ɗana, gaskiya aka faɗa maka. Tushenta ciere, motsa abu. Daga nan citare ta fito, aka liƙa mata in- a goshi. Da ex- kuma sai ta zama excitare, tada mai barci. A bakin Rumawa incitare ba kalmar laifi kaɗai ba ce: mahayi na yi wa dokinsa ita idan ya sa masa ƙaimi. Kaligula, wanda ya mulki Rum daga shekara ta 37 zuwa 41 Miladiyya, sunan dokinsa ma Incitatus, wato zaburarre. Ke nan ma'anarta ta fari zaburarwa ce.

A kotu "tunzura" ta yi daidai, amma a nan take tsayawa. Tunzura ta fushi ce, a taɓa zuciyar mutum har ya fita hayyacinsa. Kwanan baya na ji mai karanta labarai yana cewa "an tunzura manoma su rungumi noman rani". Haba! Wa suka je duka? Zaburar da su aka yi, ko ƙarfafa musu gwiwa. Wannan sakaci yana ci mini rai, domin kalmomin muna da su birjik. Zuga daga maƙera ta fito, inda yaro ke danna zugazugi gawayi ya yi ja, shi ya sa take da fuska biyu: makaɗi ya zuga ɗan dambe a fage, miyagun abokai su zuga yaro ya raina ubansa. Wutar tana nan tun farko, iska kawai aka ba ta. Ingiza kuwa turi ne daga baya, mai yin ta yana tsaye a tudu abinsa.

Wata malama daga Damagaram ta ce: "Wane kantu ake nufi a 'ingiza mai kantu ruwa'?"

Malama, kantun gishiri ne irin na Bilma. In ya shiga ruwa ya narke, hasarar ta mai kaya ce shi kaɗai.

Wani kuma: "Harzuka ko harzuƙa?"

Harzuƙa, da ƙ mai lanƙwasa.