Wane ne Baban da ke cikin sunan waƙar "Baba O'Riley"?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Akwai wata tsohuwar waƙar Turawa da nake ji a farkon shirin 'yan sandan nan na CSI: NY. Da na bincika sai na ga sunanta "Baba O'Riley", ta ƙungiyar The Who. Na saurare ta tun daga farko har ƙarshe, ban ji an ambaci Baba ba, ban ji O'Riley ba. Wane ne wannan Baba? Ko namu ne na Hausa? Kuma me waƙar take nufi?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Kunnenka bai yaudare ka ba, sunan nan babu shi a baitocin waƙar, shi ya sa Turawan ma da yawa suke kiranta "Teenage Wasteland", kalmomin da ake nanatawa a cikinta, ma'anarsu kusan "kufan matasa". Sunan gaskiya kuwa na mutum biyu ne Pete Townshend, mai kaɗa gita kuma marubucin ƙungiyar, ya ɗinke wuri ɗaya.

Baban shi ne Meher Baba, wani jagoran ruhaniya ɗan Indiya da aka haifa a Pune a 1894. Ya daina magana a 1925, bai sake furta kalma ba har ya mutu a 1969, kuma ya yi iƙirarin cewa shi abin bauta ne a siffar mutum. Townshend ya zama mabiyinsa a ƙarshen shekarun 1960. Ba Bahaushe ba ne, amma hasashenka bai yi nisa ba, don a Indiya ma baba uba ne, sunan Meher Baba kuma yana nufin uba mai tausayi. Na biyun Terry Riley ne, makaɗi Ba'amurke da ya shahara wajen ɗaukar ɗan gajeren zubin sauti ya yi ta maimaita shi yana sauyawa a hankali. Wannan sautin mai ƙyalƙyali da ke buɗe waƙar, kamar yayyafi a kan kwano, salonsa Townshend ya bi.

Amma ba za ka gane baitocin ba sai ka san gidan da aka ciro su. A 1969 The Who suka fitar da Tommy, jerin waƙoƙin rok da ke ba da labari guda daga farko zuwa ƙarshe, irin wanda ake kira opera ta rok. Ya karɓu ƙwarai. Sai Townshend ya ɗaura niyyar abin da ya fi shi, ya sa masa suna Lifehouse: faifai, fim da wasan dandali a haɗe, labarin kuma almarar kimiyya ce.

Ga yadda labarin yake. A wani zamani mai zuwa iskar Birtaniya ta gurɓace, mutane ba sa fita waje. Kowa yana cikin wata irin riga da aka jona da babban layin sadarwa, ta nan ake tura masa nishaɗi da duk abin da zai ji ko ya gani, masu mulki kuma su ke zaɓar abin da za a tura. Kiɗan rok ya ɓace. Wani mai suna Bobby ya kutsa cikin layin, ya kira mutane su cire rigunan su zo taron kiɗa na gaske a Landan. Ka tuna a 1970 da 1971 aka tsara wannan, lokacin da talaka bai taɓa jin kalmar intanet ba. Duk sanda na ga gida guda kowa ya sunkuya a kan wayarsa, wannan labari nake tunawa.

A can arewa, a Sikotland, akwai sauran manoma da ba su shiga rigar ba. Ɗaya daga cikinsu shi ne Ray. 'Yarsa Mary ta gudu zuwa taron, shi kuma ya tattara matarsa Sally suka nufi kudu. "Baba O'Riley" muryar Ray ce a farkon tafiyar. Shi ya sa waƙar ta buɗe da mutum a gona yana faɗin yadda yake neman abincinsa da guminsa, shi ya sa kuma ka ji ana kiran Sally a ce mata ta miƙo hannu. Manomi ne yake barin gonarsa don neman 'yarsa.

Ƙarshen labarin ne ya fi wuyar fahimta. Townshend ya karanta rubuce-rubucen Inayat Khan, makaɗi kuma sufi ɗan Indiya, a kan sirrin sauti. Daga nan ya ɗauki ra'ayin cewa kowane mutum yana da nasa sautin, kuma in aka haɗa na kowa za a kai ga sauti guda ɗaya. A labarin, da aka kai ga wannan sauti sai mahalarta taron suka ɓace. Bai tsaya a takarda ba, so ya yi a gwada da mutane na gaske. A farkon 1971 ƙungiyar ta riƙa wasa a gidan wasan Young Vic na Landan, da fatan 'yan kallo za su dinga dawowa har su zama 'yan wasan fim ɗin. 'Yan kallo kuwa tsofaffin waƙoƙi suka zo ji. Abokan ƙungiyarsa ba su gane inda ya dosa ba, dangantakarsa da manajansu Kit Lambert ta yi tsami, naɗin da suka fara a New York ya watse, shi kansa ya kusa zaucewa.

Injiniyan naɗar sauti Glyn Johns ne ya tsamo abin da ya rage. Da shi suka sake naɗa waƙoƙin a Ingila, aka ajiye labarin gefe, aka fitar da faifai guda, Who's Next, a watan Agustan 1971. Waƙa tara ce a ciki, takwas daga Lifehouse, ɗaya ta ɗan ƙungiyar John Entwistle. Ya kai matsayi na ɗaya a Birtaniya.

Za ka ji ana cewa bayanan rayuwar Meher Baba aka zuba wa na'ura ta fitar da sautin farkon waƙar. Wannan burin Townshend ne, amma abin da ke faifan da hannu ya kaɗa shi, a kan ogan, wani ɗan'uwan fiyano mai lantarki, ƙirar Lowrey mai maɓallin da ke maimaita sauti. Gogen da ke rufe waƙar da gudu kuwa Dave Arbus na ƙungiyar East of Eden ne ya ja shi, mai ganga Keith Moon ne ya kawo shi.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake rera amshin nan na "Teenage Wasteland" a filayen wasa kamar kirarin samartaka. Townshend ya yi wasa a bikin kiɗa na Woodstock da ke Amurka a 1969, ya kuma bayyana cewa halin da ya ga matasa a ciki a can, ƙwaya ta kwantar da su, yana cikin abin da ya haifi waɗannan kalmomi. Kuka ne a kan matasan da suka lalace, a bakin uba.

Townshend bai haƙura da Lifehouse ba. A 1999 BBC ta watsa shi a matsayin wasan rediyo, a 2000 ya fitar da faifai shida na Lifehouse Chronicles, a 2023 kuma labarin ya fito da zane-zane tare da sabon bugun Who's Next. Fim ɗin dai har yau ba a yi shi ba. In za ka sake saurare, ka nemi cikakkiyar waƙar mai minti biyar, don ta talabijin gutsure ce, kuma ka kasa kunne inda muryar babban mawaƙin ƙungiyar, Roger Daltrey, ta ja baya Townshend ya karɓa da tasa siririyar murya.