Na sa hannu a kan duban da ban yi ba, jirgin ya faɗi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni injiniyan gyaran ƙananan jirage ne. Akwai duban bututun mai da ya kamata in yi, sai ogana ya ce lokaci ya ƙure, in sa hannu a littafin gyara, a duba gobe. Na sa. Jirgin ya tashi da mai koyar da tuƙi da ɗalibinsa, bai yi nisa da filin jirgi ba injin ya mutu, duka biyun suka rasu. Masu bincike sun kira ni, oga ya ce in yi shiru, ƙaddara ce. Ba na samun barci. Shin jininsu yana wuyana?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙansu, kai kuma Ya yaye maka wannan nauyi.

Ɗan'uwa, sa hannun da ka yi shaidar zur ce, zunubinta ya hau kanka tun kafin jirgin ya bar ƙasa, ko da ya sauka lafiya. Tuba ta wajaba yanzu, umarnin oga kuma ba uzuri ba ne, sai dai shi ma yana da nasa kason.

Maganar jini kuwa ta rataya ne a kan abin da ba ka faɗa mini ba: matuƙin, wato mai koyar da tuƙin, ya san ba a yi duban ba? In ka gaya masa baki da baki ya zaɓi ya tashi, to nasa jinin ya fita daga wuyanka, saura na ɗalibin da bai san komai ba, wanda alhakinsa zai fi karkata ga matuƙin. In kuwa sa hannunka ya gani ya amince, sannan bincike ya tabbatar bututun nan ne ya kashe injin, kai ne sanadi, hukuncinka na kisan kuskure ne. In aka gano wani dalili daban, kamar ruwa a cikin mai, babu diyya babu kaffara a kanka.

Saboda haka shirun da ake nema ka yi haramun ne. Yawancin ƙananan jirage ba su da baƙin akwatin nan mai naɗar bayanai, masu bincike da tarkace da littafin gyara da bakin irinku suke aiki. Littafin ya riga ya yi musu ƙarya da hannunka. Hukumar binciken hatsari ta Najeriya, NSIB, wadda ta gaji tsohuwar hukumar AIB, tana bin ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ne, cewa manufar binciken hana maimaituwar hatsari ce. In ka ɓoye, za a ci gaba da ɗage duba a wurin aikinku, wani ɗalibin kuma zai hau. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta taɓa ɗauke wa mai sakaci alhaki ba.

Za ka iya jin wani ya ce maka ba ka da kaffara tunda ba kai ka tuƙa ba. Ra'ayin Hanafiyya ne: a wurinsu mai sanadi, kamar wanda ya haƙa rijiya a kan hanya wani ya faɗa, ana biyan diyya amma ba ya kaffara, don bai kashe da hannunsa ba. Ban gamsu da shi ba. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta haɗa kaffara da diyya a kan mutum ɗaya saboda aiki ɗaya. Da wane suna suka ɗora diyyar in ba sun yarda kisa ne ba? In kisa ne wajen haƙƙin magada, me ya mayar da shi ba kisa ba wajen haƙƙin Allah? Kuma kaffara an sa ta ne saboda rashin kiyayewa, wanda ya fi bayyana a wurin mai sa hannu da saninsa fiye da wanda kibiyarsa ta kauce. Malikiyya da Shafi'iyya da Hanabila sun wajabta ta, shi ne abin da nake ba ka fatawa da shi: azumin wata 2 a jere kan kowane rai, kana iya hutawa tsakanin na farko da na biyu, ciyarwa ba ta maye gurbinsa.

Diyya haƙƙin magada ce, su karɓa ko su yafe.

Kada ka fara azumin tukuna, ka jira rahoton ƙarshe na masu bincike, wanda kan ɗauki shekara ko fiye. Kada ka taɓa littafin gyaran, ko da nufin gyara kuskure ne. Ka nemi lauya kafin ranar da za ka amsa kiran masu bincike, ka faɗi abin da ka sani daidai, ba ƙari don huce haushi a kan oga. Kuma na ji daga wasiƙarka ba ka samun barci. Ka gaya wa mahaifinka ko wani babba da ka yarda da shi, ya raka ka ranar da za ka je gabansu.

Wallahu a'alam.