Wasan da na saya da araha ya ɓace, wa zan kama?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na sayi lambar kunna wani wasan kwamfuta a shafin wasu dillalai, kusan rabin kuɗin da kamfanin wasan ya sa. Na shigar da lambar, wasa ya buɗe, na yi mako uku ina bugawa. Rannan sai na tarar an cire shi, wai an soke lambar. Dillali ya ce ba ruwansa, kamfani ya ce ba a hannunsa na saya ba. Wa ya cuce ni? Kuma me ya sa kamfanonin nan suke jin haushin mai sayarwa da rahusa?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wasiƙarka ta taɓa ni, domin a rigimar nan ta manya, kai da ka biya kuɗinka ne aka bari da asara.

Ruwa ba ya tsami banza. Lambar da aka karya wa farashi haka tana da inda ta fito. Akwai dillalai irin su Humble Bundle da Fanatical da ke karɓar lambobi kai tsaye daga masu wasan, rahusarsu da yardar mai kaya ce. Akwai kuma shafuka irin su G2A da Kinguin, waɗanda kasuwa ce kawai, kowa na iya baza hajarsa. A nan wani ya tara lambobi ne lokacin da aka yi ragi, ya ajiye har farashi ya tashi. Wani ya saro su daga ƙasar da kamfani ya sauke wa farashi saboda ƙarancin abin hannun mutanenta, ya sayar wa 'yan Turai da Amurka. Wani kuwa da katin banki na sata ya saya.

Wannan na ƙarshen nake zargi a lamarinka. Mai kati yakan ɗauki makonni kafin ya lura, sannan banki ya janye kuɗin daga hannun kamfanin wasan, har da tara a kai. Kafin nan ɓarawo ya sayar maka ya yi gaba. Kamfani ba shi da kuɗi, ba shi da kaya, sai ya soke lambar. Haka Ubisoft ta yi a farkon 2015 da lambobin wasanta mai suna Far Cry 4, amma da 'yan wasa suka yi ca a kanta, ta mayar wa waɗanda suka riga suka kunna nasu. A 2019 G2A ta yi alkawarin biyan ninki goma na irin wannan asara ga duk kamfanin da ya kawo hujja. Wube Software, masu wasan Factorio, suka kawo lambobi 321. An gano 198 a cikinsu ta shafin aka sayar, kuma a 2020 aka biya su dala 39,600.

Sai dai ban yarda a wanke kamfanoni tas ba. Wasu ba sata ce ke damunsu ba, so suke su riƙe farashi yadda suka ga dama. A Janairun 2021 Hukumar Tarayyar Turai ta ci tarar Valve, mai dandalin sayar da wasanni na Steam, da kamfanoni biyar da suka haɗa da Capcom da Bandai Namco, jimillar yuro miliyan 7.8, saboda kulle lambobi ta yadda wadda aka saya a Poland ko Hungary ba za ta buɗe a wata ƙasar tarayyar ba. Duk da haka ina tausayin ƙananan masu ƙirƙirar wasa, mutum uku ko huɗu da suka shekara suna aiki, domin su janyewar kuɗin nan take karyawa.

Yanzu ga abin yi. Tattara rasidinka da hoton saƙon sokewar, ka shigar da ƙorafi ga masu shafin kansu, ba ga dillalin kaɗai ba. In sun yi kunnen uwar shegu, ka kai maganar bankinka ko kamfanin da ka biya ta hannunsa, da wuri, don suna da wa'adi. Ka kuma rubuta wa masu wasan cikin ladabi, ka haɗa da rasidin, ka tambaye su dalilin sokewar. Amsarsu za ta zame maka hujja a wurin banki.