Ciyaman a ƙasar da ba ta da gwamna

Yaya, tambayarka ta ba ni dariya, wai wane gwamna ne ya ɗora ciyaman ɗin jam'iyya a nan Kumasi. Ai mu a Ghana ba mu da gwamna. Yankuna 16 gare mu, kowanne da ministan da shugaban ƙasa ke naɗawa, ya kuma sauke shi ranar da ya ga dama. A wajenku ciyaman yaron gidan gwamnati ne, sai abin da aka ce masa. Namu kuwa daliget ne ke zaɓensa, su ma daga rumfar zaɓe da mazaɓa suka hauro, don haka minista yakan tafi ya bar shi daram a kujerarsa.

Dubi Bernard Antwi Boasiako, wanda kowa ya sani da Chairman Wontumi. Ɗan kasuwa ne mai gidan rediyo da talabijin. Ya karɓi ragamar jam'iyyar NPP, ɗaya daga cikin manyan jam'iyyu biyu na Ghana, a yankin Ashanti, inda Kumasi take, a 2014, aka sake zaɓensa a 2018 da 2022. Mazaɓu 47 ne a yankin, kuma nan ne rumbun ƙuri'un jam'iyyar, shi ya sa sunansa ya fi na ministoci da yawa amo.

Amma ka tambayi ina mu 'yan Zango muke, wato mu mazauna unguwannin Hausawa da sauran Musulmi baƙi. Nan ne gizo ke saƙa. Tsofaffinmu ba su manta da 1969 ba, lokacin da gwamnatin Firayim Minista Busia ta kori baƙi marasa takarda, Hausawa da Yarbawa suka yi ta sayar da kayansu a wulaƙance. NPP daga wannan tsatso ta fito, saboda haka Zango ya daɗe yana jingine da jam'iyyar NDC, babbar abokiyar hamayyar NPP. Mazaɓar Asawase, a tsakiyar Kumasi, Muntaka Mubarak na NDC ke cin ta tun 2005. NPP ta san ciwon, ta kafa reshe na musamman mai suna Nasara domin zangon-zangon ƙasar, ta kuma ba Musulmi mataimakin shugaban ƙasa har sau biyu, Aliu Mahama da Bawumia.

Duk da haka, ciyaman ba ya shigo mana da gangami kai tsaye. Sai ya fara gaida Sarkin Zango da liman, da goronsa a hannu. A gan shi wurin suna, a gan shi wurin addu'ar arba'in, ya cire takalmi ya zauna kan tabarma ko da Kirista ne. Daga nan ya leƙa bes, wato majalisar samari masu dafa ataya, inda za a kai kofi na uku ana yi masa titsiye kan kwata da aikin yi. Na taɓa ganin wani babba ya tsallake gaisuwar nan, ya aiko da shinkafar azumi kawai. An karɓa, an yi godiya, an dafa. Ranar zaɓe akwatin unguwar bai ba shi komai ba.