Faɗan diskas a tanki: neman girma ne ko haɗa aure?

Malam, ka ce kana da kifin diskas 4 a tankin gilashi mai lita 150, sun kusa shekara, manyan biyun sun kama kusurwar da bututun filta (matatar ruwa) yake suna fatattakar sauran, ƙaramin kuma ya yi baƙi ƙirin, ya laɓe bayan hita (na'urar ɗumama ruwa), kwana 3 bai ci komai ba. Tambayarka ko ka cire ƙaramin. Dakata tukuna, don ba shi ne tushen matsalar ba.

Diskas dangin karfasa ne, asalinsa kogunan Amazon a Brazil da Peru da Kolombiya, kuma a garke yake rayuwa. Zo mu zauna zo mu saɓa ne: kowane garke sai ya fitar da babba da na biye da shi har zuwa na ƙarshe, kuma ba a yin wannan sai da ture-ture. Abin da ke lalata lamarin shi ne ƙarancin adadi. In su 3 ne ko 4, duk fushin babban a kan kifi ɗaya yake sauka, safe da yamma. In sun kai 6 sai tsangwamar ta rarrabu, kowa ya sha kaɗan ya huta. A nan dai sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Sai dai kowane babban diskas yana buƙatar kamar lita 40, ke nan naka tankin ba zai ɗauki 6 ba, sai mai lita 250 ko sama.

Amma yadda ka kwatanta manyan biyun, ya fi kama da haɗa aure. Ja kujera ka zauna nesa da gilashin minti 20, kar ka motsa, ka duba. Mai neman girma shi kaɗai yake kora, ko'ina a tankin, kuma abin ya fi tsanani lokacin abinci. Ma'aurata kuwa tare suke tafiya. Za ka ga sun fuskanci juna sun ɗan sunkuyar da kai, jikinsu na karkarwa kamar mai jin ɗari, launin wajen wutsiya ya yi duhu, sannan su koma suna tsattsagar bututun nan da baki suna share shi. Korarsu tana da iyaka: da zarar kifi ya bar kusurwarsu sai su juyo. Idan ƙwai ya kusa, wani ɗan tsiro yana fitowa a ƙasan ciki. Na mace kauri ne mai dakusasshen kai, na namiji siriri mai tsini. Kafin wannan lokacin, duk wanda ya ce maka ya gane namiji da mace daga goshi, cinke yake yi.

In ka tabbatar ma'aurata ne, su za ka kwashe. Tanki mai lita 100 ya ishe su, ba yashi ba tsakuwa a ƙasa, filtar soso, hita, da wani abu a tsaye da za su jera ƙwai a kai: guntun fayif ɗin roba mai tsawon santimita 25, ko kaskon fulawa na ƙasa da aka kife. Ka cika shi da rabin ruwan tsohon tankin, soson filtar kuma ya zama wanda ya riga ya yi makonni yana aiki, in ba haka ba amoniya, gubar da ke fitowa daga ƙazantar kifi, ta taru ta ƙone su. Ƙwai yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 2 zuwa 3, bayan wasu kwana 2 ko 3 'ya'yan su tashi su manne jikin iyayen suna cin yauƙin fatarsu. Kada ranka ya ɓaci in sun cinye ƙwan farko da na biyu, har na huɗu ma. Sababbin ma'aurata haka suke. Amma in kullum ƙwan yana komawa fari fat gaba ɗaya bayan kwana 2, ko namijin bai balaga ba tukuna, ko kuma mata biyu ne suka haɗu, kuma hakan na faruwa sosai.

Idan kuwa mugu ɗaya ne kawai, shi ake ɗaukewa, a ajiye shi daban kwana 10 zuwa 14. Kafin ka mayar da shi ka sauya wa itatuwa da tsirrai wuri, ka sa shi da dare fitila a kashe, ya dawo a matsayin baƙo. Cire wanda ake zalunta kuskure ne da mutane da yawa ke yi: mugun zai koma kan na biye, ran da ka dawo da ƙaramin kuma a karɓe shi da duka fiye da na da. In ba ka da tanki na biyu, raba wannan tankin biyu da ragar roba. Abinci kuma a zuba wuri 2 ko 3 a lokaci guda, nesa da juna, don kifi ɗaya ba zai iya gadin duka ba.

Sai ƙaramin. Baƙin nan da tsuke fukafukai alamar takura ce, amma ka duba kashinsa. In fari ne mai tsawo kamar zare, goshinsa kuma ya fara ramewa, ƙwayar cutar hanji ce ta samu dama. Wannan kam a ware shi, a ɗaga zafin ruwa zuwa digiri 32, a ƙara iska, a narkar da maganin metronidazole kimanin miligiram 250 a kowace lita 40, ana canza rabin ruwan kullum kafin a sake sawa, har kusan mako guda.

Kuma ka duba ma'aunin zafinka da asuba, ba da rana ba. Diskas na son digiri 28 zuwa 30, mu kuwa a Kaduna in hunturu ya kankama a Disamba da Janairu, a ɗauke wuta da tsakar dare, kafin kiran assalatu ruwan ya sauka ƙasa da abin da suke jurewa. Kifin da ya kwana cikin sanyi ba ya cin abinci, shi kuma ake fara tsangwama. Haɗa hita da famfon iska da inbata ko sola, ka lulluɓe bayan tankin da gefensa da bargo ko kwali. Canjin ruwa kashi 30 cikin 100 sau 2 a mako, da ruwan da ya kwana a duro ana busa masa iska, an sa masa maganin kulorin in na famfo ne, zafinsa kuma daidai da na tankin.

In za ka ƙaro kifi su cika 6, sayo masu girman naka, ka shigar da su lokaci ɗaya, bayan sun yi mako 4 zuwa 6 a keɓe a wani tankin.