In na kai kaina kotu, Yaya zai tsira?

Anti, sallama da fatan alheri. Wata takwas ke nan ina kife wayata a kan tebur, don da ta yi ƙara gabana ke faɗuwa. Shekara huɗu da suka wuce na ci bashin banki na sayi kekunan ɗinki shida da motar kai kaya, yayana ya sa hannu ya tsaya mini. Shekara biyu ana ciniki, sai babban mai sarin kayana ya rufe da kuɗina a hannunsa. Daga nan na shiga ciwo nan in toshe can: katin bashi biyu, manhajojin rance uku, sai ƙanwar mahaifina da ta ba ni ɗan abin da ta tara. Jiya na zauna da biro na yi lissafi, ko ban ci ba ban sha ba sai na shekara shida ina biya, kuɗin ruwa kuma ba ya tsayawa.

Ƙawata ta ce in je kotu in ayyana karayar arziki, a yafe mini komai. Ta ce kafin nan in mayar da motar sunan ƙanwata, in kuma lallaɓa in sallami Gwaggo. Anti, da gaske ana yafewa? Za a ɗaure ni? Za a kwashe har katifar da yarana ke kwana a kai? Abin da ya fi ci mini rai shi ne Yaya bai san halin da ake ciki ba. In na yi hakan, shi ma ya fita?

Wadda bashi ya hana barci

'Yata, Allah ya yaye miki. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma biron da kika ɗauka jiya shi ne aikin da mutane da yawa ke shekara suna gudu.

Bari in fara da ƙawarki, don shawararta ce za ta iya jefa ki rami tun cikin makon nan. Kada ki taɓa takardun motar, kada kuma ki biya Gwaggo a ɓoye. Duk wanda kotu ta ayyana arzikinsa ya karye, akan naɗa masa jami'i ko amintacce da zai karɓi ragamar dukiyarsa, kuma abin da wannan mutumin ke fara yi shi ne waiwaye. Zai karɓi bayanan asusunki, ya bi layi-layi, ya tambaye ki ina motar da take sunanki bara. A Ingila yana iya komawa baya har shekara 5 kan kadarar da aka kyautar ko aka sayar a wulaƙance, da shekara 2 kan ɗan'uwan da aka fifita wajen biya. A Amurka, kan fifiko wajen biya, shekara 1 ce ga dangi, kwana 90 ga sauran masu bi. In ya gano, kotu na iya warware cinikin, a karɓe motar daga ƙanwarki, a ce Gwaggo ta dawo da kuɗin. Ke kuma ana iya hana ki yafiyar ko a tsawaita miki takunkumi, in ya tabbata ɓoyewa kika yi ma ya zama laifi. Gudun gara ke nan, an faɗa gidan zago.

Shi tsarin kansa musaya ne. Ke za ki buɗe komai, ki miƙa abin da ya wuce buƙatarki ta rayuwa, a sayar a raba wa masu binki gwargwadon abin da kowa ke bi. Su kuma doka ta ɗaure musu hannu: da zarar shari'ar ta zauna, kiran waya da wasiƙun barazana da sababbin ƙararraki kan waɗannan basussukan suna tsayawa, mai magana ya yi da amintacce. Bayan wa'adi, abin da ya saura a sauke miki shi.

Wa'adin ne ya bambanta, kuma ba ki faɗa mini ƙasar da kike ba. A Ingila da Wales yawanci wata 12 ne, sai dai in kina da rarar samu ana iya sa ki biyan wani kaso har shekara 3, kuma abin zai zauna a rajistar masu ba da bashi shekara 6. A Amurka hanya biyu aka fi bi: Babi na 7 na dokar karayar arziki, inda ake sayar da abin da za a sayar a gama cikin 'yan watanni, tabon ya zauna shekara 10; da Babi na 13, inda mai samun kuɗi a kai a kai ke riƙe kayansa yana biya bisa tsari shekara 3 zuwa 5. Jamus ta rage nata wa'adin zuwa shekara 3 tun 2020. Akwai kuma ƙasashen da dokar ke kwance a littafi, ɗaiɗaikun mutane ba su cika bin ta ba, shi ya sa kafin komai sai kin ji ta bakin lauya ko mai ba da shawarar bashi na inda kike. Ki nemi na kyauta tukuna. Kamfanin da ya ce ki fara biyansa kafin ya goge miki bashi, ki ba shi baya.

Katifar yaranki tana nan. Tufafi, shimfiɗa, kayan girki da kayan aikin da mutum ke cin abinci da su, yawancin dokoki suna barinsu, don haka keke ɗaya na iya tsira. Shida da wuya. Motar kuwa, in da ita aka yi jinginar bashin, dama banki na da ikon ɗauka, karayar arziki ba ta kwance jingina.

Ɗauri fa? Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan 'yancin jama'a da na siyasa, a sashe na 11, ta hana ɗaure mutum don kawai ya kasa cika alkawarin kwangila. Abin da ke kai mutane gidan yari shi ne yaudara, ƙarya a gaban kotu, ƙin bin umarninta, a wasu ƙasashe kuma cekin da ya dawo babu kuɗi.

Kalmar "komai" ta ƙawarki ma ki rage mata. Katin bashi da rancen waya su ne irin da ake saukewa. Tarar kotu, kuɗin ciyar da 'ya'ya bayan rabuwar aure, bashin da aka ci da yaudara, da rancen karatu a ƙasashe da dama, waɗannan suna bin mutum har bayan an sallame shi. Kuma a wa'adin za ki sha takura: a Ingila ba a zama daraktan kamfani sai da izinin kotu, samun sabon bashi ko gidan haya kuma sai ya yi wuya.

Gwaggo dole sunanta ya shiga jerin masu binki kamar na banki, ta karɓi kasonta kamar kowa. Amma bayan an sallame ki babu dokar da ta hana ki biyanta da kanki daga sabon guminki, kuma in kin tambaye ni, ki biya ta. Kotu tana sauke tilas ne, nauyin da ke zuciya naki ne.

Yanzu Yaya. A'a 'yata, bai fita ba. Yafiyar taki ce ke kaɗai. Sa hannun da ya yi ma'anarsa ke nan: ranar da kika kasa, shi ne mai biya, kuma banki zai juya kansa da duk abin da ya saura. Wannan kaɗai na iya sa karayar arziki ta zama ba ita ce mafitarki ba. Wataƙila a sayar da motar da kekuna huɗu a bainar jama'a, kan farashin kasuwa, da sanin banki, a kashe kaifin bashin da Yaya ya tsaya a kai, sauran kuma a nemi yarjejeniyar biya a rubuce tare da dakatar da kuɗin ruwa. Masu bin bashi sukan saurara, don sun san a kotu abin da zai iso hannunsu kaɗan ne. Amma ko wannan sayarwar, kada ki yi sai mai ba da shawara ya duba, kuma daga yau babu sabon rance ko na kwana ɗaya.

Ki ɗauki takardar lissafin nan ta jiya, ki haɗa da kwafin yarjejeniyar da ya sa wa hannu, ki je wurin Yaya kafin wasiƙar banki ta riga ki. Zai yi faɗa, ki bar shi ya yi. In ya huce, ki roƙe shi ya raka ki wurin mai ba da shawarar, don tambayoyin da za a yi a can rabinsu nasa ne.

Anti