Ganyen dawa ya fara rawaya daga ƙasa: ciwo ne?

Ɗan'uwa manomi daga Maiwurno ta jihar Sinnar a Sudan, ka tambaya ko rawayar da ganyen ƙasa na dawarka ke yi, yanzu da zangarniya ta fara cika, ciwo ne. Galibi ba ciwo ba ne. Don Allah kada ka yi gaggawar zage shi ka kai wa awaki tun da sauran kore a jikinsa.

A cikin ƙwayoyin halittar ganye akwai kuloroplas masu sarrafa hasken rana, kuma mafi yawan naitirojin na ganyen, wato sinadarin da takin yuriya ke bai wa shuka, a cikinsu yake. Idan suka tsufa, ko zafin ranar Sinnar ya illata su, sai ƙwayar ta naɗe gutsattsarinsu cikin 'yar jaka mai fata biyu, ta kai su babbar jakar ruwa da ke tsakiyarta, a narkar da su. Abin da ya narke sai ya haura zuwa zangarniya, ya ƙosar da tsaba. Wannan aiki shi ake kira otofaji. A kansa Yoshinori Ohsumi na Japan ya samu kyautar Nobel a 2016, kodayake a kan yis, wato abin kumbura burodi, ya yi bincikensa.

Amma in rawayar ta faro tun dawa ba ta yi ciki ba, wannan yawanci yunwar taki ce. Ka sa yuriya bayan ban ruwa ko ruwan sama.